Ɗan Kwikwiyon da Na Ɓoye a Hijabi

Akwai warin da in ya bugi hancina sai na nemi wuri na zauna. Warin bilic ne, wannan ruwan da muke jiƙa fararen kaya da shi. Ranar Asabar da ta wuce na tsiyaya shi a bokiti zan jiƙa rigunan makarantar yarana, sai na tsinci kaina tsugune a bakin famfo, hannuna cikin ruwa, na kasa ci gaba da wankin. 'Yata ta tambaye ni ko kaina ke ciwo, na ce mata a'a. Ban iya ce mata kunya ce ba, don za ta tambaye ni kunyar me, labarin kuwa yana da tsawo. Kai da kake karantawa, tunda ba ka san fuskata ba, zai fi mini sauƙi in ba ka shi.

A gidan kakana na wajen uba na tashi, a Tudun Wada. Baba Tsoho muke ce masa. Gida ne na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, da zaure, da tsakar gida mai bishiyar mangwaro, sai wani kango a can baya inda ake ɗaure awaki. Mahaifina direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba mu gan shi ba, saboda haka maganar gidan tana hannun Baba Tsoho, ƙarfin gidan kuma yana hannun Baffa, ƙanin mahaifina. Baffa kafinta ne, mutum mai kyauta da saurin fushi. In ya ɗaga murya har awaki sukan yi tsit, kuma akwai wata dorina da yake ratayewa a bayan ƙofarsa wadda duk yaran gidan mun san ɗanɗanonta.

Baba Tsoho yana da lambu a bakin rafi, yana shuka latas da albasa da tumatir. Saboda lambun nan ya ajiye karya, wata ja mai farin ƙirji, wadda take raka shi da safe ta dawo tare da shi da yamma. Kakata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa son zaman karyar ba. Ta ware mata kasko, ta kafa mata iyaka: kango ne wurinta, ba ta tsallake bakin rariya ta shigo tsakar gida. Karyar kuwa ta kiyaye iyakar fiye da yadda mu yara muke kiyaye tamu. Ni kaɗai ce a cikin 'yan matan gidan ba na tsoronta, don haka ni ce mai kai mata ƙanzo da sauran tuwo.

A bazarar shekarar da nake aji biyar na firamare, lokacin da mangwaro ya nuna har yana faɗowa da kansa, karyar ta haihu. 'Ya'ya shida ta zuba a cikin wani tsohon kwali da Baba Tsoho ya shimfiɗa wa buhu. Ina iya tuna ɗumin jikinsu, da ƙanshin nono a bakinsu, da yadda suke rarrafe suna cin karo da juna kafin idanunsu su buɗe. Tun ba su yi wata ba an riga an yi rabonsu da baki. Baffa ya ce ɗaya nasa ne, zai kai shi wurin aikinsa ya riƙa gadin katako. Biyu na abokan Baba Tsoho ne masu lambu. Ɗaya kuma, wani baƙi mai ƙiba, an yi wa maƙwabcinmu alkawarinsa.

Maƙwabcin nan namu Ibo ne, mai shagon kayan masarufi a jikin katangarmu. Oga muke ce masa, matarsa kuma Madam. Ya fi shekara ashirin a layinmu, Hausa a bakinsa har da karin magana, ko da yake wani lokaci yakan juya su baibai mu yi ta dariya. Baba yake kiran kakana, kuma ban taɓa ganin ya gaishe shi a tsaye ba. Da Babbar Sallah mukan kai musu cinyar rago, da Kirsimeti Madam ta aiko mana da shinkafa da kazar da ta sa Baffa ya yanka mata, don ta san sai haka za mu ci. Tagar kicin ɗin Madam tana kallon lungun da ke bi ta ƙofar bayan gidanmu. Sau da yawa in na wuce sai ta miƙo mini cincin ta tagar.

Da 'yan kwikwiyon suka yi wayo, sun kusa wata biyu, sai suka gano wata rariya da ta ɓulle daga kangonmu zuwa siton Oga. Suka shiga suka yayyaga masa buhun garin rogo. Oga ya zo har zaure ya sami Baffa, ina tsaye ina jin su. Ya ce a toshe rariyar nan, don ɓeraye sun dame shi ya zuba shinkafar ɓera a siton, kada 'yan karnukan su ci. Baffa bai ji daɗin maganar ba, ya ce wa za a yi wa barazana, amma dai ya ɗauko bulo ya toshe. A ranar abin ya wuce kamar ba a yi ba.

Ruwan farko ya sauka a wannan makon. Ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebo ya ci, kwatoci suka cika suka tumbatsa da ledoji. Ina dawowa daga Islamiyya da la'asar, na biyo ta gefen bolar da ke kusa da kwalbati, sai na ji wani ɗan kuka siriri. Ɗan kwikwiyo ne a cikin kwali, an ajiye shi a gindin bola. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gashinsa dogo ne mai laushi, kunnuwansa a kwance, irin karnukan da ake gani ta ƙarƙashin get a gidajen ma'aikata na unguwar Hanwa. Yana kwance ya ɗora haɓa a ƙasa, idanunsa sun faɗa. Na ɗauka yunwa ce. Ban tsaya na tambayi kaina abin da zai sa mutum ya yar da kare mai kyau haka ba.

Na san in na nuna shi Inna za ta ce a mayar, Baffa kuma zai tambayi abin da ya kai ni bola. Sai na cusa shi cikin hijabina, na rungume shi da allona, na bi ta lungu na shiga ta ƙofar baya. Na ajiye shi a tsakiyar 'yan kwikwiyonmu. Uwar ta yi gurnani, na lallashe ta, ta ƙyale. Su kuwa 'ya'yan suka yanyame shi, suna shinshina shi, suna lasar bakinsa da gindinsa. Na tura masa kaskon koko, ya kawar da kai. Da na matsa masa, sai ya yi amai, wani ruwa rawaya mai kumfa. Kafin in bar wurin ya saki zawo, ruwa-ruwa, ja-ja, mai wani irin ɗoyi da ban taɓa ji ba, ƙarni da ruɓa a haɗe. Na ɗebo ƙasa na rufe, na tura shi bayan tulin itace inda ba za a gan shi ba.

Washegari da na dawo daga makarantar boko na tarar ya sandare. Na sa shi a leda, na fita ta inda na shigo da shi, na jefa shi a babbar kwata ruwa ya tafi da shi. Na wanke hijabina da kaina, har mahaifiyata ta yaba mini, ta ce na fara hankali. Na yi kuka kaɗan a bayan ɗaki, na share hawaye, na ɗauka magana ta ƙare.

Kwana huɗu ko biyar bayan haka, baƙin nan mai ƙiba ya ƙi cin abinci. Shi ne ya fi kowa haɗama, shi ke ture 'yan'uwansa daga kasko, amma ranar ya koma gefe ya kwanta. Da na taɓa shi jikinsa zau. Zuwa azahar ya fara amai, rawaya mai kumfa. Da yamma na shiga kangon, tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Na san warin. Ni kaɗai a gidan na san inda na taɓa jin sa.

Baba Tsoho ya tsuguna ya duba jinin da ke cikin kashin, ya ce wannan ya ci wani abu. Ya sa aka kawo manja da madara ya ɗura masa, kamar yadda ake yi wa dabbar da ta ci guba. Duk abin da ya shiga sai ya dawo. Washegari ya mutu, na biyu kuma ya kwanta. Da aka sake kwana, sai na uku. Fatarsu in ka ja sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, dasashinsu ya yi fari, cikinsu ya lafe. Baba Tsoho ya daina zuwa lambu. Yana zaune a kan turmi a kangon, yana kora musu ƙudaje da reshen dalbejiya.

Ranar da na biyun ya mutu, wanda shi ne na Baffa, Baffa ya ce ai ba sai an yi duba ba. Wa ya ce da bakinsa ya zuba shinkafar ɓera? Wa aka yi wa ɓarnar gari? Ya fita ko hula babu. A daidai lokacin Inna ta aike ni sayen sabulu, saboda haka ina cikin shagon, a gaban kanta, lokacin da ya iso. Ba zan maimaita duk abin da ya faɗa ba. Ya ce an ci amanar maƙwabtaka, ya ce wanda ya iya sa wa dabba guba saboda buhun gari, ba a san abin da zai sa wa mutane a cikin kayan da yake sayar musu ba. Masu acaɓa suka tsaya, mata suka leƙo ta zaure, layi ya cika. Oga ya fito daga bayan kanta, hannuwansa biyu a buɗe. Bai kula Baffa ba. Ya hango Baba Tsoho ya fito bakin zaure, sai ya nufe shi ya durƙusa.

"Baba, kai ma ka yarda zan yi haka? Har da wanda ka ce nawa ne?"

Baba Tsoho ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, "Allah shi ya san gaskiya." Ya juya ya shige gida.

Ina tsaye da sabulu a hannu. Maganar tana bakina, wallahi har na ji nauyinta a harshena. Amma na kalli idon Baffa yadda ya yi ja, na tuna dorinar bayan ƙofa, na kalli taron mutanen da za su juyo gaba ɗaya su zuba mini ido. Sai na sunkuyar da kai na bi bayan Baba Tsoho.

Da Oga wani ne, da ya rufe ƙofarsa ya ce can ta matse mana. Washegari da hantsi sai ga shi a zaure da wata mata, matashiya, da takalmin roba dogo da jaka a kafaɗa. Likitar dabbobi ce, takan tsaya sayayya a shagonsa in za ta wuce unguwar Kongo. Ya roƙi Baba Tsoho ya bar ta ta duba. Madam ma ta biyo su ta tsaya daga bakin kangon. Likitar ba ta ko ƙarasa ciki ba ta tsaya ta ja numfashi, ta girgiza kai. Ta sa safar hannu, ta ɗaga leɓen ɗaya ta duba dasashi, ta auna zafin jikinsu, ta tona kashin da tsinke.

Ta ce wa Baba Tsoho wannan ba guba ba ce. Ta ce da guba ce, waɗanda suka ci tare za su kwanta kusan tare, ba za ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya tana tsallake uwar ba. Cuta ce mai yaɗuwa, tana cinye hanjin ƙananan karnuka, kuma ta sha ganin ta. A takardar da ta rubuta na ga kalmar, parvovirus, amma mu farbo muka riƙa cewa. Ta ce alamunta ba sa ɓuya: ɗan kare mai kuzari ya ƙi abinci ya kwanta, sai zazzaɓi, sai amai, sai zawo mai jini da wannan ɗoyi. Abin da ke kashe su shi ne ƙarewar ruwan jiki, shi ya sa kwana ɗaya ma jinkiri ne. Ta ce ba ta kama mutum, Inna ta sauke ajiyar zuciya. Daga kashin kare mai ciwon cutar take fita, ta zauna a ƙasa da kasko da tsumma wata da watanni, rana ba ta kashe ta, ruwan sama ba ya wanke ta.

Sai ta miƙe ta dube mu duka. "Wani baƙon kare ya shigo gidan nan kwanan nan?"

Baba Tsoho ya ce babu. Baffa ya ce babu. Inna ta ce wadda ke nan ma da ƙyar take haƙuri da ita. Na ɗaga kai sai idona ya faɗa cikin na Madam. Kallona take yi, ba da fushi ba, kamar mai jira. Na kawar da kai na kama wasa da bakin zanena.

Likitar ta ce to ba mamaki, wani lokaci a tafin takalmi ake kwaso ta daga titi. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, kuma wannan sauƙin da na ji yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau. Baffa kuwa da suka fita sai ya taɓe baki. Ya ce likitar da mutum ya ɗauko da kansa me ake so ta ce? Cuta daga ina, tunda ba karen da ya shigo? Maganar da ta zaga layi ke nan, ba ta likita ba.

Likitar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sa aka raba marasa lafiya da wanda bai kamu ba tukuna. Ta hana manja da ɗure, ta ce hanjin a kwaile yake, ɗure ƙara masa azaba ne. Ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusa a jikin bango ta sa wa biyu a ƙafar gaba, ta yi musu allurar tsayar da amai da ta kashe ƙwayoyin cuta. Baba Tsoho bai taɓa ganin an yi wa kare ƙarin ruwa ba, ya riƙe ƙafar ɗan kwikwiyon da yatsu biyu kamar mai riƙe ƙwai. Kwana uku tana zuwa. Cikin shida, biyu suka tashi. Ta gaya wa Baba Tsoho cewa da an yi musu allurar riga-kafi tun suna sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk bayan sati uku ko huɗu har su kai wata huɗu, uwar ma a yi mata tata, da wuya abin ya kai haka. Kuma kafin allurar ta cika ba a barin su su cuɗanya da wasu karnuka ko su yi yawo a titi. Baba Tsoho ya ce shi allurar haukan kare kaɗai ya sani. Ta ce yawancin mutane haka ne.

Ta sa aka ƙone kwalin da buhunan da tsummokaran. Ta nuna yadda za a surka bilic, murfi ɗaya a cikin murfi talatin na ruwa, a kwashe ƙazantar tukuna sannan a zuba a bar shi ya jima. Ta ce inda yake ƙasa tsura ba ya wankuwa, kada a sake kawo ɗan kwikwiyo kangon sai an shekara. Ni na karɓi buroshi. Na goge simintin bakin rariya, na goge kasko, na goge takalman gidan kaf, har bayan tulin itacen da ba wanda ya ce a wanke. Na yi ta gurzawa har fatar yatsuna ta saɓule. Inna ta tsaya a kaina tana sa mini albarka, tana cewa a cikin jikokinta ba mai tausayin dabba kamata.

Damina ta yi nisa, masara ta fitar da gemu a bayan gidaje, shagon Oga kuwa ya koma shiru. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya zage shi bayan ranar. Mutane dai suka riƙa wucewa zuwa shagon bakin titi. Mu ma can ake aiken mu. Nakan hango shi zaune a benci yana kore ƙuda daga burodin da ya kwana. In ya ga Baba Tsoho zai wuce yakan tashi ya rusuna kamar da, Baba Tsoho ya amsa a gajarce. Ni kuma na daina bi ta lungu, don kada in wuce ta tagar Madam. Abinci ya daina yi mini daɗi. Mahaifiyata ta ɗauka shawara ce, ta yi ta jiƙa mini saiwoyi.

Da na ji ana cewa Oga ya sami shago a Sabon Gari zai tashi ƙarshen wata, sai na kasa jurewa. Na bi Baba Tsoho lambu da sunan kai masa fura. Yana tsugune yana cire ciyawa a cikin albasa, na tsaya a bayansa, don ba zan iya faɗa ina kallon fuskarsa ba. Na faɗa masa duka, tun daga bola har kwata. Bai juyo ba. Ya ci gaba da cirar ciyawar har ya kai ƙarshen kunya, ya kakkaɓe hannu, ya zauna a ƙasa. Na jira faɗa, na jira mari. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take.

"Ke yarinya ce, kin ji tsoron bulala. Ni da mutum ya durƙusa a gabana ya tambaye ni, tsoron me na ji?"

Washegari bayan sallar la'asar, lokacin da layi ya fi cika, ya sa babbar rigarsa ya kama hannuna. Ya aika aka kira Baffa. Muka je ƙofar shagon. Baba Tsoho, mai furfura har gira, ya cire hularsa ya riƙe a hannu a gaban mutumin da bai wuce sa'ar ɗansa ba. Ya ɗaga murya yadda masu acaɓa da masu shayi za su ji, ya ce baƙon kare mai ciwo ya shiga gidansa bai sani ba, likita gaskiya ta faɗa, an zalunci maƙwabcinsa kuma shi ne babba a cikin waɗanda suka zalunce shi. Bai ambaci sunana ba. Ya matsa hannuna sau ɗaya, na gane yana ba ni dama in yi magana in ina so. Bakina ya ƙi buɗuwa. Oga ya yi sauri ya karɓi hular ya mayar masa a kai, yana cewa, "Baba, don Allah, Baba, ya isa." Baffa ya miƙa masa hannu yana kallon gefe.

Ana cikin haka Madam ta ja ni zuwa bayan kanta, ta tsuguna daidai tsawona.

"Na gan ki ta taga ranar, da abu a hijabi yana motsi. Washegari na gan ki da leda."

Na tambaye ta, cikin kuka, me ya sa ba ta faɗa ba.

"Sai da likita ta yi tambaya na gane. In na faɗa, za a ce mun kashe karnuka kuma mun ɗora wa yarinya. Na ce bari in jira ki." Ta share mini fuska da bakin zanenta. "Kin daɗe, amma kin zo."

Ban zo ba, ai. Kawo ni aka yi, kuma ko a wurin wani ne ya yi magana a madadina. Ƙarshen wata suka tashi kamar yadda suka shirya, don sun riga sun kama wancan shagon. Baba Tsoho ya so ya ba Oga ɗaya daga cikin biyun da suka rayu, Oga ya ce inda za su koma ba fili. Na tsaya a zaure ina leƙen a-kori-kurar da ta kwashe kayansu. Oga ya ɗaga mini hannu. Ban san ko Madam ta gaya masa ba.

Yanzu Tudun Wada ta canza. Kangon nan an yi ɗakunan haya a wurin, lambun Baba Tsoho gidaje sun cinye shi, shi da Inna sun daɗe da rasuwa. Karnuka kuwa sun fi na da yawa. Samari suna sayen na ƙasar waje suna ɗaukar hoto da su a waya, allurar riga-kafi tana nan a kusa, amma da yawa sai ɗan karen ya kwanta suke neman likita. Har yanzu in ƙananan karnuka suka fara mutuwa a gida, kalmar farko da ke fitowa ita ce guba, ido kuma ya koma kan maƙwabci. Bara haka ta faru a layin da nake aure. Na sa hijabi na shiga gidan ba a gayyace ni ba, na tambaye su ko an yi allura, ko wani kare ya shigo, na ce su kira likita kafin su kira sunan kowa. Maigidan ya yi mamakin inda malamar firamare ta san ciwon karnuka. Na ce masa da tsada na saye shi.

Bayan na yi aure na taɓa shiga Sabon Gari na nemi shagon. Na tarar da wani yana sayar da kayan wuta a ciki. Ya ce masu shagon na da sun koma garinsu shekaru da yawa, bai san sunan garin ba. Na tsaya a bakin titi, masu keke mai ƙafa uku suna ta yi mini hon, da maganar da na shirya tun daga gida. Kalma uku ce kawai: ni ce, Oga. Na gaya wa Baba Tsoho, na gaya wa mijina, yau na gaya maka. Shi ne dai har yanzu bai ji ta daga bakina ba.